Kafin in biya kuɗin gida, sai da injiniya ya hau silin

Sharaɗi ɗaya na gindaya wa mai gidan da nake son saya kafin in ba da kafin alƙalami: injiniyan da ni na zaɓa zai duba gidan ciki da waje, in ya gano babbar matsala kuma ina da damar janyewa a mayar mini da kuɗina. Muka rubuta, kowa ya sa hannu. Dillali bai so ba. Ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ga sabon fenti, ga tayil na ƙyalli, kuma akwai masu so a bayana. Da ya ga ban sauko ba, sai ya ce yana da injiniyan da suka saba aiki tare. Na yi godiya na ƙi. Ba cuta nake zarginsa da ita ba, sai dai la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, wanda kuma yake samun aiki ta hannunsa da wuya ya rubuta abin da zai wargaza cinikin.

Wanda na ɗauko injiniyan gine-gine ne. Na nemi ganin shaidar rajistarsa da wani tsohon rahotonsa da aka goge sunan mai gida, don in san irin abin da zan biya kuɗi a kai. Shi kuma ya roƙi abu ɗaya, cewa in kasance a wurin ranar duban, in riƙa binsa a baya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a gidan shi ne wata doguwar tsaga a bangon falo. Ita na fara nuna masa. Ya ɗora ma'auni a kanta, ya ƙwanƙwasa gefenta da ƙotar sukudireba, ya fita ya duba bayan bangon, ya dawo ya ce, "Malam, wannan filasta ce ta bushe ta ja jiki. Cikewa kawai za a yi." Daga nan ya yi mini karatun tsagar da ke hana injiniya barci: wadda faɗinta ya haura milimita 5, wadda ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, wadda ta bi layin bulo hawa-hawa, ta fi buɗewa a sama, kuma ana ganinta ciki da waje a wuri guda. In aka haɗa da ƙofar da ta daina rufuwa daidai, to harsashin ginin ne ke motsi. Ya bi ƙofofin gidan ɗaya bayan ɗaya yana buɗewa yana rufewa, ya ɗora lebur, ma'aunin da ke nuna ko wuri ya karkace, a ƙasan ɗakuna. Duk lafiya.

Ashe matsalar tana ɗakin da ya fi kowanne kyau.

Da shigarmu ɗakin kwana na baya ya tsaya yana shaƙar iska. Ya kashe fitila, ya kwantar da hasken tocila a jikin bango, sai ga shi fentin da ke ƙasa, daga daɓe zuwa kusan ƙugu, ya fi na sama kauri da sheƙi. Ya danna na'urar auna danshi a sama, shiru. Yana saukowa da ita ƙasa ta kama ƙara. Muka ja kabad ɗin kaya gefe, inda mai fenti bai kai ba: filasta ta kumbura, ga farin gari ya fito a jikinta, gishirin da ruwa ke bari ne idan ya ratsa bulo ya bushe. Na shafa, ya zubo a hannuna.

Bai tsaya a nan ba, dalili yake nema, kuma a waje ya same shi. An yi wa tsakar gidan sabon daɓe, an ɗaga shi har ya rufe shimfiɗar da ake sawa a gindin bango don hana danshi hawa, alhali ƙa'idar da aka saba bi ita ce shimfiɗar ta ɗara ƙasar waje da kimanin santimita 15. Gangaren daɓen kuma ya kalli bango maimakon ya ba shi baya, ga indararo na zubo da ruwan rufi a daidai wurin. Ya ɗebo bokitin ruwa ya kwarara, muna tsaye muna kallo ruwan ya tafi ya kwanta a gindin ɗakin. Dillali ya ciro waya ya shiga amsa kiran da ni dai ban ji shigowarsa ba.

Sai rufi. Ya kafa tsani ya shige ta ƙofar silin, can ya kira ni in leƙo. Ta wasu ramukan ƙusa hasken rana na shigowa, katakon da ke ƙarƙashinsu ya yi baƙi. Ya ce katako in danshinsa ya zarce kashi 20 cikin 100 ya daɗe a haka, ruɓewa zai fara, gara kuma irin wurin take so. Ya nuna mini siraran hanyoyinta na laka a jikin wani gungume, ya soka masa sukudireba, ta nutse kamar a jiƙaƙƙen sabulu. Daga ƙasa kuwa silin fari tas.

Lantarki da famfo ba su ci lokaci ba. Wasu soket ba a haɗa musu wayar ƙasa mai kare mutum daga jan wuta ba, wayar da ke kai wa hitar ruwa wuta ta yi siranta, har bakinta ya fara baƙi a cikin akwatin wuta. Ya buɗe famfunan gidan gaba ɗaya ya ga ƙarfin ruwa, ya rufe su ya tsaya kan mitar ruwa ya ga ko za ta ci gaba da juyawa, alamar akwai yoyo a wani wuri. Ba ta motsa ba.

Akwai abin da ya kamata mai saye ya sani tun farko: injiniya ba ya fasa bango, ba ya ɗaga tayil. Abin da idonsa da na'urarsa suka kai gare shi kawai yake rubutawa, shi ya sa shafin rahotonsa da ya lissafa wuraren da bai samu shiga ba ya cancanci a karanta shi da natsuwa. A namu akwai wani sito da aka ce makullinsa ya ɓata. Na ce ba za a kammala ba sai an buɗe, aka buɗe, babu komai sai tarkace. Takardun mallaka kuma ba huruminsa ba ne, wannan aikin lauya ne.

Rahoton ya zo da hotuna, an ware abin da ke da haɗari yanzu, da wanda zai iya jiran shekara ɗaya ko biyu, da na kwalliya kawai. Na kai wa kafinta da birkila da mai aikin lantarki, kowa ya rubuto ƙiyasinsa, da waɗannan takardu na koma teburin ciniki. Mai gidan ya ce zai gyara da kansa. Ban yarda ba, don na riga na ga irin gyaran da aka yi wa ɗakin baya. Na nemi a rage kuɗin gyaran daga farashi, aka ja aka ja, ya rage mafi yawansa, na saya.

Wayoyin wuta aka fara canzawa kafin mu tare, sai katakon rufi da feshin maganin gara, sannan aka fasa daɓen aka juya gangarensa, aka sa bututu ya kwashe ruwan indararo nesa da gini. Bangon ɗakin baya an kankare shi har bulo. Injiniya ya ce jiƙaƙƙen bango na bukatar wajen wata guda ga kowane santimita 2 da rabi na kaurinsa kafin ya bushe, don haka kada birkila ya kuskura ya shafa filasta sai shi injiniyan ya dawo ya sake auna danshin.