Ranar da na fara jan wasan D&D

Sati biyu cur na yi ina shiri wallahi. Na sauke dokokin Dungeons & Dragons na kyauta daga intanet, bugu na biyar ɗin da ya fito a 2014, na karanta har ido ya yi ja, na zana taswirar kogo a bayan tsohuwar kalanda, na cika shafi tara da labari. Wanda bai san wasan ba, Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka tun 1974, mutum ɗaya ake kira DM shi ke riƙe da duniyar gaba ɗaya, sauran kowa da jaruminsa guda, duk abin da suka ce za su yi in akwai shakka sai a jefa dayis mai fuska 20. Kamar tatsuniya dai, sai dai masu sauraro ne ke jan akalarta.

Mu biyar ne a falo bayan Isha, ni da ƙanena da abokaina uku. Shirina shi ne su fita daga ƙauye su nufi kogo su yaƙi dodanni su ceto ɗan maƙeri. Ina! Na ce kawai akwai wata tsohuwa tana sayar da ganyen magani a bakin kasuwa, don ado na faɗa fa, sai ƙanena ya ce "Yaya tsaya, ya sunanta?" Ba ni da suna. Idona ya faɗa kan gwangwanin madara a tire na ce Inna Gwangwani, aka kwashe da dariya, shi ke nan kusan awa ɗaya suna wajenta suna ciniki suna tambayarta tarihin mijinta, ni kuma ina ƙirƙira nan take gumi na zuba. Abin haushi nan ne wasan ya fi daɗi, shafi taran nan ko buɗe su ban yi ba.

Da ƙyar suka isa kogon, a nan na tafka babban kuskurena. Na ɓoye mabuɗin ƙofa ƙarƙashin dutse na ce sai wanda ya kai 15 a jifan dayis zai gan shi. Na farko 6, na biyu 9, na uku 11, ƙanena ya hura wa dayis iska ya jefa ya fito 1. Shiru. Ƙofa a rufe, labari ya tsaya cak, ɗaya har ya ɗauki waya yana duba WhatsApp. Laifina ne, abin da dole sai an samu kafin labari ya ci gaba bai kamata in rataya shi a wuyan sa'a ba, da na bari sun ga mabuɗin amma ƙarar dutsen ta tashi dodannin. Daga baya dai hakan na yi, a makare.

Faɗan kuma ya ja don na tsaya ina laluben doka a waya, yanzu in na manta sai in yanke hukunci kawai mu duba bayan an tashi.

Zama na biyu takarda ɗaya na zo da ita, sunaye goma na ko ta kwana da abin da kowane mutum a ƙauyen yake so. Kafin in gama shimfiɗa taswira ɗaya cikin abokaina ya ce su fa wajen Inna za su fara zuwa, wai tana binsu bashin tagulla uku.