Sunayen da ƙauraye suka ba mu amana

Na ajiye aikin kwamitin binciken da malaman jami'a suka kafa don sasanta ƙauraye, wato matasa 'yan daba, da 'yan sanda a Katsina. Abokan aikina sun san dalili, amma gara masu zuwa bayanmu su ji daga bakina.

Yaron da ya saba cin na kare da zarar ya hango motar sintiri ba ya zama da ɗan sanda don kawai an aiko masa da takardar gayyata. Sai da muka bi ta hannun masu unguwanni da limamai, muka yi ta zama a majalisunsu a Sabuwar Unguwa da Ƙofar Marusa, kafin suka saki jiki. Suka faɗi yadda tiramol ke shigowa, da yadda 'yan siyasa ke ɗaukarsu lokacin kamfe su watsar bayan zaɓe, da abin da suke gani a bayan kanta. Sharaɗinsu ɗaya ne: kada sunan kowa ya fita. Muka yi alkawari.

Shugaban aikin ne ya ɗauki takardar sunayen ya miƙa wa wani babban jami'i, wai don a ga muna ba da haɗin kai. Ana gab da hawan Sallah aka yi samame. Wani da ba a samu a gida ba, aka tafi da wansa, alhali Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a madadin wani. Mahaifiyarsu ta tare ni a zaure tana kuka: "Malam, ashe da ku aka haɗa baki?"

Na je na sami shugaban aikin, na ce, "Ranka ya daɗe, amana ce fa muka ɗauka." Ya ce in ba zan iya ba in koma aji. Rahoton ya fito da sunansa a sama, ba ko layi ɗaya a kan yaran da suka yi Sallah a tsare. Har yau abin na ci mini rai.

Ga masu shigowa: kada ku rubuta sunan yaro, ku ba shi lamba. Ku zauna da kurata, wato ƙananan 'yan sanda, su ke kwana a titi, kuma su ma suna da nasu kukan. Kada ku yi alkawarin jari ko sana'a in ba a hannunku take ba. Ku fara da maganar beli, wanda aka ce kyauta ne amma iyaye ke sayar da akuya su biya.

Sautin hirarrakin da na naɗa kuwa, shugaban ya aiko a karɓa, na hana.