Tikitina ya ce Cork, jirgin kuwa yana Ringaskiddy

Har yau in na tuna sai in ji zafi. Tikitina na jirgin ruwa zuwa Roscoff ta Faransa, Cork ta ƙasar Ailan aka rubuta a kansa, ni kuwa ban karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa ba. Na ce ai birnin tashar jiragen ruwa ne, ga kogin Lee ya rabu biyu ya sa tsakiyar gari a tsibiri, to jirgi ina zai tsaya in ba bakin nan ba?

Da safe na shiga English Market, kasuwar da ke ci tun 1788, na sayi burodi da cuku na guzuri, hankalina kwance. Sai da na ja akwati zuwa bakin ruwa wani dattijo ya dubi tikitin, ya girgiza kai, ya nuna mini kudu. Jirgin fasinja daga Ringaskiddy yake tashi, kusan kilomita 20 daga gari. Kafin tasi ta kai ni an rufe karɓar fasinja. Kuɗin tikiti ya tafi, ga kuɗin masauki na ƙarin kwanaki, don jirgin ba kullum yake tashi ba.

Abin da ban gane ba shi ne harkar tashar ta daɗe tana gangarawa ƙasa, inda ruwa ya fi zurfi. A 2022 aka buɗe sabuwar tashar kwantena a Ringaskiddy ɗin, kuma masana'antun magunguna irin su Pfizer duk a nan suke. Shi birnin a kan fadama aka gina shi, sunansa ma da harshen Irish fadama yake nufi.

Kwanakin jira na hau jirgin ƙasa zuwa Cobh, wani gari a bakin ruwa kusa da Cork (Kov ake faɗi kusan, kar ka karanta shi yadda aka rubuta). Daga nan mutum kusan miliyan 2.5 suka bar Ailan tsakanin 1848 da 1950, nan kuma Titanic ya yi tsayuwar ƙarshe a Afrilun 1912. Ina tsaye ƙarƙashin babbar majami'ar da ke kan tudu, ga ƙugiyoyin ɗaga kaya na Ringaskiddy can tsallaken ruwa, kamar in miƙa hannu in taɓa. Raina ya sake ɓaci.

In ka ga Cork a takarda, ka tambaya: birnin ne, gundumar ce, ko tashar? Gundumar ta fi kowace girma a Ailan. Ka buɗe taswira tun daren jajibiri, ka kuma bar gari da sauran awa uku.