Duna ya fara tsallake turmi

Jama'a, yau karen farautata Duna ya tsallake turame a jere, ya ratsa tsohuwar taya, bai taɓa ko ɗaya ba. Wallahi farin ciki kamar an yi mini bushara.

Tun bayan girbi nake koya masa a bayan gida, nan ƙauyenmu wajen Ringim. A wayar ƙanena na ga gasar karnuka ta Crufts a Ingila, inda aka fara nuna wannan wasa a 1978. Kare na tsalle, yana kurɗawa tsakanin sanduna, mai shi na gudu gefensa, ba igiya ba bulala, murya ce kawai da alamar hannu. Ni karan dawa na kakkafa a madadin sanduna, ladansa kuwa guntun ƙuli-ƙuli da zarar ya yi daidai.

Baffana ya ce, "Ɗan nan, kare ai sai da duka." Na ce Baffa, a yi haƙuri, karen da ya saba da duka hannunka yake kallo, ba ya kallon hanya.

Masu kwikwiyo, don Allah kada ku sa shi babban tsalle kafin ƙashinsa ya yi ƙwari. A Ingila ma sai kare ya kai wata 18 yake shiga gasa.