Kwana huɗu a cikin siririn jirgi kan hanyar ruwan Llangollen

Shekara bakwai ina bi ta bakin ruwa a tsakiyar Birmingham in zan tafi aiki, ina ganin siraran jiragen nan masu fenti kore da ja a ɗaure, hayaƙi na fita ta bututu, amma ban taɓa kawowa a raina cewa irina zai iya hawa ba. Na ɗauka harkar masu hannu da shuni ce. Ƙanena da ke Manchester ne ya fara kawo zancen, ranar da muka zauna lissafin kuɗin tikitin zuwa Kano mu bakwai, muka ga bana dai abin ya fi ƙarfinmu. Ya ce, "Yaya, tunda zuwa gida ya gagara, mu nema wa yaran nan wani abu a nan kusa, kada hutu ya ƙare musu a gaban talabijin."

Haka muka yanke shawarar yin hayar siririn jirgi a hanyar ruwan Llangollen, wadda ta ratsa Ingila da Wales. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba a neman lasisin tuƙi a wurin wanda ya yi haya. Kamfani zai nuna maka yadda ake yi na kamar awa guda, ya miƙa maka jirgi mai tsawon kusan mita 20. Faɗinsa kuwa mita 2 ne da ɗan ɗoriya, domin da yawa daga hanyoyin ruwan Birtaniya a matse aka haƙa su. Da hannu aka haƙa su, tun ƙarshen ƙarni na 18, don jigilar gawayi da ƙarfe da duwatsu, dawakai na jan jiragen daga gefe. Turbar dawakan tana nan har yau, ita ce mutane ke bi da ƙafa da keke. Tun 2012 wata ƙungiya mai suna Canal & River Trust ke kula da kimanin mil 2,000 na waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales.

Arhar da muka samu daga wuri uku ta fito. Mun kauce wa Agusta, muka ɗauki hutun makaranta na ƙarshen Oktoba, domin farashin da aka nuna mana na Agusta ya haura sosai. Mun ɗauki Litinin zuwa Juma'a maimakon mako cur, kuma a kamfanin da muka yi haya kwana huɗu na tsakiyar mako kuɗinsu ɗaya da kwana uku na ƙarshen mako. Sannan gida biyu muka raba kuɗin: fam 1,150 na haya, kowa ya kawo rabi. Wanda zai yi wannan tafiya ya tambaya tun kafin ya biya ko man dizal na cikin kuɗin, ko akwai kuɗin ajiya na ɓarna, ko ajiye mota kyauta ne. Namu man daban aka lissafa, ya ci mana fam 60 da 'yan kai. Wurin kwana kuwa, a mafi yawan bakin turba kyauta ake ɗaure jirgi, sai a mashigar garin Llangollen ne muka biya.

Sai tukunya, wadda ita ce ta fi rage mana kashe kuɗi. Jirgin na da murhun gas da ƙaramin firji da tukwane. Uwargida da matar ƙanena sun soya nama da kaji tun daga gida, domin ba mu sa ran samun mahauci na halal a ƙauyukan da ke kan hanya ba. Suka haɗa miyar ja a robobi, da shinkafa, da garin tuwo, da kuka da daddawa da yaji. Mu bakwai, da a gidajen abinci muke ci, da kuɗin ci ya kamo na haya. Tuwo da miyar kuka da daddare a cikin jirgi, ruwan sama na bugun rufin ƙarfe, tagogi sun yi gumi, yara sun cusu a kan benci ɗaya: wannan daren na fi tunawa.

Kuskuren da na yi tun a gida na yi shi, a kan taswira. Na auna tafiyar da idon direban mota. Daga kusa da Chirk muka ɗauki jirgin, na tsara mu hau zuwa Llangollen, mu juyo mu gangara har Whitchurch, mu dawo. Ban lura cewa Litinin sai da rana tsaka ake ba da jirgi, Juma'a kuma da ƙarfe tara na safe ake karɓa ba, wato cikakkun ranaku uku ne a hannu. Doka ta hana wuce mil 4 a awa, kuma a zahiri ba ka kai hakan, saboda duk inda ka iske jirage a ɗaure sai ka sassauta ƙwarai don kada igiyar ruwa ta jijjiga masu ciki. Jirgin haya ba ya tafiya da dare, ga magariba na yi kafin ƙarfe shida. Ma'aikacin da ya koya mana tuƙi ya duba takardata ya ce in haɗa yawan mil da yawan ƙofofin ruwa (wuraren da ake hawar da jirgi ko saukar da shi), in raba uku, abin da ya fito shi ne awoyin tafiya. Da na lissafa sai na ga Whitchurch ba ta cikin rabonmu. Muka yanke cewa a Ellesmere, garin da ke kafin Whitchurch, za mu juyo.

Tuƙin kansa sai da ya ba ni wuya. A baya ake tsayawa, a waje, riƙe da doguwar sanda da ke juya jirgin. In kana son hancinsa ya yi dama, hagu za ka tura sandar, kuma ba nan take yake amsawa ba. Birki babu, sai dai ka sa giyar baya. A awar farko na kafe mu a cikin laka a wata kwana, domin gefen ruwan ba zurfi. Na ƙara wuta, jirgi ya ƙara nutsa. Ƙanena ya ce, "Yaya, ja da baya, ta inda muka shiga ta nan za mu fita." Muka tara kowa a ɗaya gefen, ya dafa doguwar gora ya tura, jirgi ya sulale.

Safiyar Talata muka isa Pontcysyllte. Gada ce da aka ɗora wa ruwa, jirgi na bi ta kanta, kogin Dee na gudu a ƙasa. Thomas Telford da William Jessop suka tsara ta, aka buɗe ta a 1805, tsawonta mita 307, tsayinta mita 38, kuma a 2009 UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya. Ruwan na cikin wani kwami na ƙarfe, jirgi ɗaya kawai yake ci. A gefe guda akwai turba da shingen ƙarfe. A ɗaya gefen babu komai, sai leɓen kwamin da bai fi tafin hannu a saman ruwa ba. Ina tsaye riƙe da sanda, na leƙa, na hango kan bishiyoyi da filin ƙwallo can ƙasa, tumaki kamar an watsa auduga. Uwargida ta shige ciki da yara tana ta salati, ta ce ta taga ma ya ishe ta. Babbar 'yata, mai shekara goma sha ɗaya, ta tsaya a bakin ƙofa sanye da rigar ceto, ta riƙe rigata, ba ta ce uffan ba har muka haye. Sai a lokacin ta ce, "Abba, in za mu dawo ma ta nan za mu bi?" Na ce ta nan. Ta ce to a bar ta ta sake tsayawa.

Daga nan zuwa Llangollen hanyar na matsewa, akwai wuraren da jirgi biyu ba sa giftawa, sai an tura mutum gaba da ƙafa ya duba ya kira a waya. Ruwan kuma yana gangarowa ne daga kogin Dee, don haka mai hawa yana jin jirgi na ja da ƙyar.

Salla ta koya mana abin da ba mu zata ba. Hanyar na lanƙwasa, alƙibla na sauyawa, ga cikin jirgi siriri. Muka koma ɗaure jirgi mu shimfiɗa darduma a ciyawar bakin turba in babu ruwan sama. Masu yawo da karnuka na ratsewa su wuce, wasu su ɗaga hannu. Ruwan tanki kuwa ya ƙare mana da yammacin Talata, tsakanin alwalar mutum bakwai da wanke-wanke da wankan yara. Daga ranar duk famfon da muka gani a bakin hanya sai mun tsaya mun cika, ko da tankin bai yi rabi ba. Haka wuta da ruwan zafi: injin ne ke samar da su, kuma ba a yarda a kunna shi a wurin kwana bayan ƙarfe takwas na dare ba, don haka da rana ake cajin waya a yi wanka.

Ƙofofin ruwa biyu kacal ke kan hanyarmu, a New Marton, kuma dalilin da ya sa muka zaɓi wannan hanya ke nan. Ƙofar ruwa ɗaki ne na bulo da jirgi ke shiga, a rufe, a saki ruwa ko a cika, jirgi ya sauka ko ya hau. Da wani maƙulli na ƙarfe mai lanƙwasa ake murɗa ta. A ta biyu ɗan ƙanena ya ajiye namu a kan katakon ƙofa, aka tura ƙofar, ya faɗa ruwa, tsulum. Wata dattijuwa da ke zaune a jirginta shekara da shekaru ta fito da maganaɗisu ɗaure a igiya, ta yi ta jefawa har ta kamo shi. Uwargida ta zuba mata shinkafa da miya a kwano. Da muka dawo ran Alhamis muka iske kwanon a wanke a kan rufin jirginta, da tuffa shida a ciki.

Daren ƙarshe a Chirk Bank muka kwana, don mu kasance kusa da wurin mayarwa. Da gari ya waye muka ratsa gadar Chirk, wadda ke kan iyakar Ingila da Wales, muka shiga ramin da ke bin ƙarƙashin tudu, mita 421 na duhu, ruwa na ɗiga a kanmu, yara na kiran sunayensu suna sauraron amsa-kuwa. Tara saura kwata muka miƙa maƙulli. A mota ƙanena ya buga lissafi a waya, haya da mai da cefane da kuɗin mashiga, ya ce kowane gida bai kai fam 750 ba. Matarsa ta ce in za a sake, a ɗauki watan Mayu, rana ta fi tsawo, kuma a ƙaro daddawa.