Ɗigon gam a kan baƙin ido

Lokacin girbin hatsi a ƙauyukan Tawa, ganye ko ƙaiƙayi kan karce baƙin ido. Sai a share, ko a ɗiga maganin masu talla mai kortizon, gyambo ya yi ta ci har ya huda tantanin nan mai sheƙi da likitoci ke kira korne. Kaurinsa a tsakiya kusan rabin milimita ne, shi ya sa ba ya wuyar hujewa. Naman da ya ruɓe kuwa ba ya riƙe zare, ana ɗaurewa yana yagewa. A nan gam na musamman da likitocin ido ke toshe huji da shi ke shigowa.

Iri biyu aka fi sani. Siyanowakirilat, kamar Histoacryl, tun 1968 ake toshe hujin ido da shi. Yana daskarewa da zarar ya taɓa danshi, kuma nan wahalar aikin take. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a tabbatar da yoyon ruwan ido daga hujin da wani rini mai suna fuloresin a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, a kankare fatar saman tantanin milimita 1 zuwa 2 kewaye da hujin, a tsane wurin sarai. Sannan a yanko ƴar leda mai tsabta, faɗin milimita 2 ko 3, a sa mata ɗigo ƙanƙane, a kifa a kan hujin, a danne na ɗan lokaci. Daga nan a rufe da lantil mai taushi, wato siririn tabarau da ake ɗorawa a kan baƙin ido, don busasshen gam kaushi gare shi, yana gurzar fatar ido.

Yawancin kuskure daga yawan gam yake. In ya yi tudu, kiftawa kan ɓamɓare shi cikin kwana kaɗan. In wurin bai bushe ba, sai ya daskare a kan ruwa bai kama nama ba. In kuma ya zurara ciki, yana iya lalata bayan tantanin ko ya jawo yanar ido. Hujin da ya wuce milimita 3 ba na gam ba ne, sai faci ko dashe. Doguwar yanka kuma sai ɗinki da siririn zaren nailan mai lamba 10-0.

Na biyun, fibirin, daga jinin mutum ake yin sa: fibirinojen da torombin, sinadaran da ke sa jini ya daskare, a gauraya su kama kamar gudan jini. Ido ya fi jure shi, tabo da jijiyoyin jini ba su yawa, amma ba ƙarfi, cikin sati ɗaya ko biyu ya narke. Ga tsada, wasu nau'o'insa kuma a daskare ake ajiye su, abin da ba sauƙi inda wuta ke ɗaukewa a zafin Afrilu. Ni dai na fi ganin amfaninsa wajen liƙa tantanin mahaifa a kan gyambo.

Gam ba ya kashe naman gwari, ƙwayar cutar da kan ci gyambon. Dole a ci gaba da ɗiga maganin gyambon, a riƙa duba ƙarƙashin gam ɗin da hawan ido. Gam ɗin kasuwa da ake liƙa takalmi kuwa, duk da danginsu ɗaya da siyanowakirilat, kada ya kusanci ido; a raba kwalbarsa da ta maganin ɗigawa, don suna kama.