Daga Kano zuwa Guangzhou: awa ashirin a hanya

Duk wanda zai je sarin kaya Guangzhou ta ƙasar Sin daga Kano, sai ya yada zango a wata ƙasa, misali a Alƙahira ko Addis Ababa. Ni ta Addis na bi, tare da wani dattijo ɗan Kantin Kwari da ya daɗe yana wannan hanya.

Mun tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano da rana. Tsakaninmu da Addis kilomita 3,300 ne da 'yan kai, tafiyar kusan awa biyar, amma da muka sauka a filin Bole agogon can ya riga namu da awa biyu, dare ya yi. Garin na kan tsauni, sama da mita 2,300, don haka sanyi ne ya tarbe mu, ni kuwa shadda ce kawai a jikina.

Jiragen da ke zuwa Asiya sai wajen tsakar dare suke tashi, shi ya sa muka haɗa magariba da isha muka zauna jira. A nan na buɗe taswira a waya. Da a ce jirgi zai miƙe daga Kano har Guangzhou, kusan kilomita 11,000 zai ci. Ratsen da muka yi ta Habasha bai ƙara mana fiye da kilomita 400 da ɗoriya ba. Zaman kujerar nan shi ke cinye lokacin matafiyi, ba ratsen ba.

Zango na biyu shi ne mai tsawo: kilomita 8,000, awa goma da wani abu, jirgi na gudun kusan kilomita 900 a awa. Da yake gabas muka nufa, rana muke tara. Ban gama barcin farko ba haske ya ɓullo ta taga. Na taɓa dattijon na ce, "Alhaji, har asuba ta yi?" Ya ce, "Ta yi, ɗana, kuma ba za ta jira ka ba." A zaune muka yi sallar. Kafin mu farga ga azahar ta kawo kai, alhali cikina lissafin Kano yake yi, ko karin kumallo bai nema ba.

Mun sauka a filin Baiyun da la'asar, lokacin ko hantsi bai gama dubawa ba a gida, domin Sin ta riga Najeriya da awa bakwai. Lokutan da aka rubuta a tikiti na kowane gari ne, shi ya sa mai lissafi da su sai ya ɗauka ya fi awa ashirin da biyar a hanya. A masauki a unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwar Afirka ke taruwa, alƙibla ma ta juya: yamma muka fuskanta.

Dawowa ta fi tsawo. Iskar da ke can sama daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, ta tura mu a tafiya, ta tokare mu a komowa. Gangara da hawa ke nan, kamar mai keke. Daren kuma ya ƙi ƙarewa: mun bar Guangzhou da tsakar dare, sai da muka kusa Addis gari ya waye.